Hannun Wanzami: Nazarin Wani Ciwon Karkarwa a Idi-Araba

Baffana wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Ya sauka Ikko da zabirarsa tun yana saurayi, ya zauna a Idi-Araba, a nan ya yi aure, ya hayayyafa, ya aske kawunan da ba sa ƙirguwa. Daga rumfarsa zuwa ƙofar asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wanda kowa ke kira LUTH, tafiyar ƙafa ce. Na fara da wannan ne saboda a wancan asibitin Farfesa Njideka Okubadejo take aiki, likitar jijiya da ƙwaƙwalwa da ta shafe shekaru tana bin diddigin irin ciwon da ya kama shi, amma mu sai da muka yi kusan shekara uku muna zagaye kafin mu ji ko da sunan ciwon, wato cutar Parkinson. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare, ba likita ba. Na rubuta wannan da izininsa, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba.

Yadda abin ya shigo

Karkarwa ba ita ta fara zuwa ba. Inna, matarsa, ita ta fara lura cewa hancinsa ya mutu. Za ta turara ɗaki da turaren wuta ya shigo bai ce uffan ba, mutumin da a da tun daga zaure yake gane irin turaren da aka sa. Wata rana miya ta ƙone yana zaune kusa da murhu, sai maƙwabta ne suka yi magana. Bayan haka cikinsa ya riƙa ɗaurewa, kwana uku ko huɗu bai zaga ba. Wannan bai dami kowa ba, domin a wajenmu duk abin da ya shafi ciki basir ne, aka jiƙa masa sassaƙe.

Abin da ya tayar da hankalin gidan shi ne barcinsa. Cikin dare sai ya kama ihu yana kai naushi, yana shure-shure kamar mai kokawa, har ya taɓa faɗowa daga gado. Da safe ya ce ya yi mafarkin ana binsa. To, wanzami ne, mutum mai asiri a idon jama'a, kuma mai asiri ba ya rasa abokan gaba. Kowa ya yanke hukunci cewa jifa aka yi masa.

Daga baya hannun dama ya soma. Idan yana zaune ya ɗora shi a cinya, sai babban yatsa da manuniya su riƙa murzar juna kamar mai jan carbi. Da zarar ya miƙa hannu ya ɗauki aska, sai rawar ta tsaya cak. Wannan ya ƙara masa yaƙini. Ya ce mini, "Malam, ciwon da ke tsoron aska ai ba na asibiti ba ne." Daga baya na fahimci cewa wannan ita ce alamar da likita ke nema da farko, karkarwar da ke zuwa lokacin da hannu ke hutawa, ta lafa idan an sa shi aiki. Abin da ya ɗauka hujja ce ta sammu shi ne ainihin sa hannun ciwon.

Nauyin jiki ne ya raba shi da kasuwarsa. Askin da yake gamawa kafin shayi ya huce ya koma yana cin lokaci har mai kai ya gaji da zama. Fuskarsa ta daskare, mutane suka riƙa tambayar me aka yi masa yake fushi. Muryarsa ta yi ƙasa. Takunsa ya gajarce, yana jan ƙafa, tashi daga sujada ya zama aiki. A littafin da yake rubuta bashi da ajami, za ka ga layi ya fara da manyan haruffa ya ƙare da ƙanana kamar sawun tururuwa. Shi da kansa ya daina yi wa yara kaciya, ya daina cire belu, kuma in faɗi gaskiya barin na biyun bai ba ni haushi ba.

An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an kai shi gida Arewa sau biyu. Wani mai kemis ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe, ya ba da maganin hawan jini alhali ba a auna shi ba. Ba na raina addu'a, har gobe muna yi masa. Abin da nake ƙirgawa shi ne watannin da suka tafi.

Wani ma'aikacin jinya da muke sallar Juma'a tare shi ya warware mana. Ya hango Baffa yana tafiya, hannun hagu na lilo, na dama a manne da jiki. Ya ja ni gefe ya ce a kai shi wajen likitan jijiya. Likitan da ya duba shi bai yi wani abin mamaki ba. Ya sa shi ya riƙa haɗa yatsa biyu yana buɗewa da sauri, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu yana jin tauri, ya ce ya yi tafiya zuwa ƙofa ya juyo. Ya tambayi Inna batun barci da hanci, ta dube ni da mamaki, domin ba mu faɗa masa ba. Sannan ya ce, "Baba, wannan cutar Parkinson ce." Na rasa yadda zan fassara, sai na ce, "Baffa, irin ciwon Muhammad Ali ne." Ya yi shiru, ya ce, "Ɗan damben nan?" Daga ranar sunan ciwon ke nan a gidanmu.

Wani likitan Landan, James Parkinson, shi ya fara siffanta ciwon a 1817. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki baƙi, ƙwayoyinsa ke samar da sinadarin dofamin wanda ke sa motsi ya tafi sumul. A wannan ciwo ƙwayoyin suna mutuwa a hankali, kuma kafin hannu ya soma rawa kusan rabinsu ko fiye sun riga sun tafi. Mutuwar hanci, ɗaurewar ciki da faɗa cikin barci kan riga karkarwa da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum sama da miliyan 8.5 ke ɗauke da shi. Maganin da aka rubuta wa Baffa, lebodofa haɗe da kabidofa, tsohon magani ne, tun 1967 George Cotzias ya nuna yadda lebodofa ke tayar da masu wannan ciwo. Cikin makonni kaɗan Baffa ya fara tashi daga tabarma ba tare da an kama shi ba.

Abin da aka gano a maƙwabtanmu

A watan Agusta na 2023 mujallar Lancet Neurology ta buga wani bincike da Farfesa Okubadejo ke cikin jagororinsa, tare da abokan aiki a Landan da Amurka da kuma gungun likitocin jijiya daga asibitoci a sassan Najeriya. Kafin lokacin, kusan duk abin da aka sani game da gadon wannan ciwo daga jinin Turawa aka samo shi. Wani babban bincike na 2019 ya lissafa wurare 90 a cikin ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗarin kamuwa, amma mutanen da aka duba 'yan asalin Turai ne. Binciken 2023 ya duba masu ciwon 1,488, yawancinsu 'yan Najeriya, ya kwatanta su da mutum sama da 196,000 marasa ciwon, duk masu asali da Afirka. Sai aka ci karo da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wanda da wuya a same shi a jikin Bature ko mutumin Asiya, amma yana nan a kusan kashi 39 cikin 100 na masu ciwon da aka duba. Wanda ya gaji sauyin daga mahaifi ɗaya, haɗarinsa ya ninka kusan sau ɗaya da rabi. Wanda ya gada daga uwa da uba, kusan sau uku da rabi.

Ga yadda na fahimci aikin GBA1. A cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai 'yan jakunkuna da masana ke kira laisosom. Su ne bola kuma su ne injin markaɗe, duk wani tsohon furotin ko maiƙo da ya gama aiki nan ake kai shi a narkar. GBA1 na ɗauke da umarnin haɗa ɗaya daga cikin sinadaran narkarwar. Idan sinadarin ya yi ƙaranci sai tarkace ya taru, ciki har da wani furotin, alfa-sinukilin, wanda tun 1997 aka gano shi ne ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo. Duk wanda ya ga abin da toshewar kwata ɗaya ke yi wa layi guda a Mushin lokacin damina ya san sauran labarin.

An daɗe da sanin cewa wasu sauye-sauye a GBA1 na jawo wannan ciwo, musamman a cikin Yahudawan Turai. Namu ya ɓuya ne saboda yana zaune a sashen da ba a cika dubawa ba, sashen da ake yankewa a yar kafin a haɗa sinadarin. Wani bincike da ya biyo baya a 2024 ya nuna cewa sauyin na ɓata alamar da ke nuna inda za a yanka, kamar a goge wa tela layin allinsa. Yankan ya karkace, sinadarin da ake samu ya ragu.

Kumburi, da kuskuren da na yi

Nan ne na yi ɓarna da bakina, don haka zan tsaya a kai.

A ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi masu gadi, maikurogiliya, waɗanda wani masani ɗan Sifaniya, Pío del Río Hortega, ya siffanta a 1919. Aikinsu sintiri ne da kwashe gawar ƙwayoyin da suka mutu. A 1988 Patrick McGeer da matarsa Edith McGeer, a jami'arsu da ke Bankuba a Kanada, suka duba ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da cutar Parkinson, suka tarar da waɗannan masu gadi a harzuƙe, sun yi dafifi daidai wancan baƙin yanki. Wani abin da ya ƙara jan hankalin masana shi ne labarin wasu masu shaye-shaye a Kalifoniya da suka yi wa kansu allurar gurɓataccen abu a 1982, suka wayi gari da alamun wannan ciwo. Da aka duba ƙwaƙwalwar uku daga cikinsu bayan rasuwarsu, aka buga sakamakon a 1999, sai ga masu gadin nan har lokacin a tsaye, shekaru bayan gubar ta fita daga jiki. Kamar 'yan bangar unguwa ne da ɓarawo ya tayar cikin dare. Ɓarawo ya daɗe da tsallake katanga, su kuwa ba su koma barci ba, suka juya kan masu gida. Sinadaran da suke fesawa na raunana ƙwayoyin dofamin, waɗanda suka mutu su ƙara harzuƙa su. Kuma su ma masu gadin sun dogara da laisosom wajen narkar da abin da suka haɗiya, nan ne zaren GBA1 da na kumburi suka haɗu.

Wannan hali shi masana ke kira kumburin ƙwaƙwalwa. Na karanta, abin ya burge ni, na zo bayan sallar isha'i na zauna ina yi wa gida bayani kamar ina gaban ɗalibai. Baffa ya saurara, ya ce, "To in kumburi ne, a yi mini ƙaho a ƙeya mana." Aka yi dariya. Ban lura ba cewa babban ɗansa ya riƙe kalmar. A Hausa kumburi abu ne da ake gani, ana taɓawa, kuma kowa ya san maganinsa na kemis. Ya je ya sayo dikulofenak, ya riƙa ba mahaifinsa safe da yamma, sau da yawa kafin ya ci komai, bai faɗa wa kowa ba domin yana so ya ba mu mamaki. Bayan 'yan makonni Baffa ya soma kukan zafin ƙirji, bayan gidansa ya koma baƙi, jiri na ɗibarsa. A asibiti aka ce gyambon ciki ne, yana zubar da jini. Ranar da za a ɗebi jininsa a auna, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsaga fatar mutane ya kawar da kai ya runtse ido. Inna ta ce, "Malam, ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa."

Ban ga laifin yaron sosai ba, domin manyan masana ma sun bi wannan hanya. McGeer kansa ya lura tun 1990 cewa masu ciwon gaɓoɓi da ke yawan shan irin waɗannan magunguna ba su cika kamuwa da cutar mantuwa ta Alzheimer ba. Aka ɗauki abin da zafi, aka yi babban gwaji a Amurka da nafuroksin da selekoksib, aka dakatar da ba da maganin a Disamba 2004 saboda fargabar illa ga zuciya, kuma bai hana cutar ba. A ɓangaren Parkinson an gwada wani maganin ciwon suga, fiyogilitazon, wanda ke kwantar da kumburi a jikin dabbobin gwaji, sakamakon 2015 ya nuna bai rage gudun ciwon ba. Kumburin da ke cikin ƙwaƙwalwa wani abu ne daban da na gwiwa, kuma har yau masana na ja-in-ja kan ko shi ke kunna wutar ko kuwa rura ta kawai yake yi. Wannan shi ne ɓangaren bayanin da na tsallake a daren nan, saboda bai kai na 'yan banga daɗin faɗa ba.

Akwai kuma wani gwaji da ake yi a Ingila da amburoksol, maganin tari, wanda ke ƙara ƙarfin sinadarin nan na GBA1. Wannan ban faɗa wa kowa a gida ba. Wanda ya ga abin da maganin tari ya yi wa matasanmu kafin gwamnati ta hana mai kodin a 2018 ba zai shiga gida ya ce ana zaton maganin tari na gyara ƙwaƙwalwa ba.

"Gado ne?"

Inda binciken Legas ya yi mana amfani kai tsaye shi ne maganar aure. Autar Baffa ta samu miji, aka sa rana, sai gwaggon yaron ta aiko tana tambaya a sakaye ko wannan rawar jiki tana bin jini. A gidan da sana'a kanta gado ce, tambayar ta yi nauyi. Mutanenmu sun san sikila, sun san cewa idan AS ya auri AS kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu, sai suka ɗauka wannan ma haka yake.

Na je da kaina. Na ce, "Gwaggo, ba irin ta sikila ba ce." Sauyin da aka gano yana ƙara haɗari ne kawai, kuma ɗimbin masu lafiya a Afirka ta Yamma na ɗauke da shi har su tsufa su mutu hannunsu bai yi rawa ba. Ninka ƙaramin abu sau ɗaya da rabi bai mayar da shi babba ba. Baffa ma ba a taɓa yi masa wannan gwaji ba, ba abu ne da ake yi a layin ganin likita ba. Sannan akwai shekaru, akwai abin da mutum ya shaƙa. Baffa duk damina yana komawa gida noma, ya yi shekaru yana goya tankin feshi ba takunkumi ba safar hannu, kuma bincike ya danganta maganin ciyawa irin su farakwat da ƙarin haɗarin wannan ciwo, maganin da Tarayyar Turai ta hana tun 2007. Gwaggo ta ce ita ma mijinta manomi ne. Aka ɗaura aure.

Da a ce binciken bai fito ba, da abin da zan iya faɗa mata bai wuce ƙididdigar Turawa ba. A ganina nan tasirin aikin Farfesa Okubadejo da abokan aikinta yake a yanzu. Bai canja ƙwayar da Baffa ke haɗiya ba. Amma kamfanoni da jami'o'i na neman magungunan da za su gyara aikin GBA1, kuma kafin 2023 ba wanda ke lissafa mutumin Idi-Araba ko na Kura cikin waɗanda za su amfana. Yanzu an san cewa masu ɗauke da irin wannan sauyi a nahiyarmu suna da ɗimbin yawa, duk mai son gwada irin wannan magani dole ya waiwayo. Kuma aikin ya haɗa likitocin ƙasar nan suna tattara bayanan marasa lafiya a tsari ɗaya, abin da zai ci gaba da amfani ko da wannan sauyi bai kai ga magani ba.

Kuɗi, nama da azumi

Abin da ke yanke hukunci a rayuwar Baffa kullum shi ne farashi. Daga waje ake shigo da maganin, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 naira ta faɗi, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Mun kama shi yana raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, jikinsa ya koma ya sandare. Likita ya gargaɗe mu cewa yanke maganin farat ɗaya na da haɗari. Yanzu mu biyar ke karo-karo, ana sayen na wata biyu a ajiye.

Sai kuma abinci. Lebodofa na rububin hanya ɗaya da furotin wajen shiga jini, don haka idan ya sha shi a kan nama ko wake ko nono, aikinsa na raguwa. Inna ta koma ba shi kamar rabin awa kafin abinci, nama kuma sai dare. Azumi ya fi wuya. Ana shan maganin sau uku a yini, ya gwada haɗe su tsakanin buɗa-baki da sahur, kafin la'asar ya kasa juyawa a kan tabarma. Limamin unguwa ya zo har gida ya ce, "Alhaji, Allah ya yi maka rangwame, ka ciyar." Ya karɓa, amma ya yi kwana biyu ba ya magana.

Ranar da na gaya masa cewa 'ya'yan karara, ciyawar nan mai ƙaiƙayi da yara ke gudu a daji, na ɗauke da lebodofa, har wasu likitocin Italiya sun gwada garinsu a kan marasa lafiya, sai da ya yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. Ya ce kakansa na amfani da karara, amma ba don wannan ba. Na ce kada kowa ya je ya tsinko, domin yawan sinadarin ya bambanta daga iri zuwa iri, kuma mun riga mun ga ƙarshen gwaji a gida sau ɗaya. Babban ɗansa ya sunkuyar da kai.

Zabirar tana hannun wani almajirinsa yanzu, shi ke zama a rumfar. Baffa ya riƙe aska ɗaya da dutsen washi. Akwai wani tsohon mai goro, abokinsa tun zuwansu Ikko, da ya rantse ba mai taɓa kansa sai shi. Duk Juma'a yana zuwa da hantsi, ya zauna a benci suna hira, Inna na duban agogo. Idan an yi kamar awa ɗaya da shan maganin safe sai ta leƙo ta ce, "Malam, lokaci ya yi." Baffa ya jiƙa sabulu, mai goro ya cire hula.